Darasi na 14: Bita

Yau za mu koyi kalma guda, ita ce bita. Ku duba allo: bi-ta. Gaɓa biyu ce, baƙaƙe biyu da wasula biyu.

Mene ne bita? Bita ita ce mutum ya koma kan abin da ya riga ya yi, ya bi shi daki-daki tun daga farko, don ya ga ko akwai kuskure. A cikin kalmar akwai "bi", kamar yadda makiyayi ke bin sawun akuyarsa da ta ɓata.

Kowane manomi ya san wannan. In ya gama noman firi, ba ya komawa gida ya miƙe ƙafa. Bayan 'yan kwanaki sai ya koma ya yi maimai, gama ciyawar da ta tsere wa fartanya tana nan. To, bita ita ce maimai na karatu da lissafi.

Bita dabam, maimaita magana dabam. Aku yana maimaita magana, amma bai san abin da yake faɗi ba. Mai bita kuwa da hankalinsa yake bi.

Ga misali. A ce ka kai buhu 7 na masara kasuwa, kowane buhu naira 30,000. Kuɗinka naira 210,000 ke nan. Amma mai saye ya rubuta 201,000 a takarda. Alƙaluman iri ɗaya ne, wuri kaɗai suka sauya. In ka sa hannu ba ka yi bita ba, naira 9,000 sun tafi, kuma ba ka da bakin magana, tun da hannunka yana kan takardar. Wataƙila ba da gangan ya yi ba, amma asarar taka ce.

Ga yadda ake faɗi:

Na yi bitar karatuna.
Ta yi bitar wasiƙa kafin ta aika.
Mun yi bitar lissafi.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takarda sai ka bi ta sau biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Mene ne bita?
2. Ina bambancin mai bita da aku?
3. Nawa ne buhu 7 a kan naira 30,000?

Aikin gida: rubuta sunanka da na garinku, sa'an nan ka yi bita.