RUMBUN DA KE CIKIN KUNKURU

Ina so in ba ku labarin wani abu da na gani da idona a hutun damina da ya wuce, da darasin da na samu a cikinsa.

Kawuna yana zaune a wani ƙauye kusa da Rogo. Wajen shekara biyu ke nan da ya tsinci kunkuru a gona, ya kawo shi gida, ya yi masa ɗan shinge a bayan rumbu, yara suna ba shi ganye. Tun ran nan shi kaɗai yake zaune. Wata rana da safe, bayan an ɗauke ruwa, sai ƙanena ya shigo a guje yana cewa ga 'yan kunkuru uku suna fitowa daga ƙasa. Ashe mace ce, ta haƙa rami ta binne ƙwai ba wanda ya sani. Nan fa gida ya ruɗe. Kowa ya san ƙwan da babu namiji baragurbi ne, to, ina uban waɗannan? Wasu suka ce wannan ba dabba ba ce, aljana ce, a kashe ta. Da ƙyar na roƙi Kawu ya dakata har in tambayo.

Da aka koma makaranta a Karaye na sami malaminmu na ilmin halittu, na ce, "Malam, ga abin da ya faru a gidanmu." Ya yi murmushi ya ce, "In an yanka zakara ranar Salla, ƙwan da kaza ta saka bayan mako guda, in ta yi kwanci, yana ƙyanƙyashewa ko ba ya yi?" Na ce yana yi. Ya ce, "To, ka riga ka san rabin amsar."

Ga yadda abin yake, babu kunya a wajen neman ilmi. A jikin macen kaza da macen kunkuru akwai wani bututu da ƙwai ke bi kafin ya fito. A bangon bututun nan akwai waɗansu 'yan ƙananan aljifai, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girman abu. Sa'ad da aka yi barbara, ƙwayoyin haihuwa na namiji sukan shiga aljifan nan su zauna da ransu. Duk lokacin da ƙwai ya taso, tun bai yi ɓawo ba, sai kaɗan daga cikinsu su fito su haɗu da shi. Watau macen tana da rumbu a cikinta, tana ɗiba kaɗan-kaɗan. Ajiyar kaza takan kai mako biyu zuwa uku. Ta dangin kunkuru kuwa takan daɗe ƙwarai. A Amurka an taɓa ware matan wata irin kififiya daga maza, amma har shekara huɗu ana samun masu ƙyanƙyashewa a cikin ƙwansu. Ke nan kunkurun Kawu ta shigo gida da ajiyarta tun daga daji.

Malam ya ce inda wannan hikima ta fi fitowa fili shi ne wajen kunkurun teku. Iri bakwai ne a duniya, kuma mafi girmansu, mai baya kamar fata, yakan kai kilo 400, watau nauyin buhun masara huɗu. Suna hawa gaɓar teku a ƙasarmu, kamar a Legas da Bayelsa, sun kuma fi yawa a gaɓar Gabon. Teku tana da faɗi, namiji da mace sukan yi shekaru ba su gamu ba. Saboda haka sukan yi barbara cikin ruwa kusa da gaɓa kafin lokacin ƙwai, sa'an nan namiji ya kama gabansa. Da dare mace takan jawo jiki zuwa kan rairayi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe, ta koma ruwa. Bayan kamar mako biyu ta dawo ta sake, har sau uku zuwa biyar a kaka guda, duka da ajiyar nan ta farko. Daga nan sai ta huta shekara biyu ko uku. Har wa yau, masana sun gwada jinin 'ya'yan rami guda, sun tarar sau da yawa ubanninsu sun fi ɗaya, domin uwar ta ajiye irin maza dabam-dabam.

Uwa ba ta yin kwanci, zafin rairayi ne ke ƙyanƙyashe ƙwan cikin kamar wata biyu. Zafin nan kuma shi ke raba jinsi. In ya haura digiri 29 a ma'aunin zafi, mata sukan fi yawa, in ya yi ƙasa maza su fi. A shekarar 2018 masana sun bayyana cewa a arewacin babbar gaɓar murjani ta Ostireliya, fiye da 99 cikin 100 na ƙananan wani irin kunkurun teku mata ne, saboda ƙaruwar zafin duniya. Ajiyar nan tana taimakawa, tun da namiji ɗaya zai wadatar da mata da yawa, amma in maza suka ƙare ba rumbun da zai cika. Ga shi kuma ana ƙiyasta cewa ɗaya tak cikin 1,000 ke rayuwa ya girma, girman nan kuwa yakan ɗauki shekara 20 ko fiye.

Wani zai ce mu da ba mu da teku ina ruwanmu? Ai muna da kunkuru a gonakinmu, muna da kififiya a Kogin Challawa da madatsar ruwansa da aka gama a 1992. Mu yara mukan tone ƙwansu don wasa, mukan jefe su da duwatsu, takan kuma faɗa komar masunta. Wanda ya kashe mace ɗaya bai kashe rai ɗaya ba, ya ƙone rumbu ne da irin shekaru masu zuwa a ciki. Manomi kuwa ba ya cinye irin shuka ko da yunwa ta matsa.

Na rubuta wa Kawu wasiƙa na yi masa wannan bayani. Ya aiko cewa ya mai da uwar da 'ya'yanta bakin gonar da ya tsince ta. Rashin sani ya fi dare duhu. Ina roƙon 'yan'uwana, in mun ga abin da ya ɗaure mana kai, mu yi tambaya kafin mu ɗauki sanda. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.