Koya wa Yara Kiɗa da Rawa Ba Tare da Ganga Ba

Wata tambaya ta zo mana daga Matankari, a yankin Dogon Dutse, daga wata malama mai koyar da 'yan aji ɗaya, wadda ta nemi a sakaya sunanta. Ta ce tana son koya wa yaranta kiɗa da rawa, amma makarantarsu ko ganga ɗaya ba ta da ita.

To Malama, mun gode. Ki fara da jikin yaran: tafi, bugun cinya, da buga ƙafa a ƙasa. 'Yan matan Arewa sun riga sun iya tafi a wasan gaɗa na dandali, don haka su za su taimake ki.

Da farko su yi tafiya, taku ɗaya, tafi ɗaya. Sannan su tafa sunaye gaɓa-gaɓa. Ma-tan-ka-ri, tafi huɗu ke nan. Ke ki bayar, su amsa, su sake amsawa, har kunne ya riƙe.

In aji ya cika maƙil, ki raba shi gida biyu su yi lugude, yadda mata biyu suke daka a turmi guda: wannan ɓangare ya buga, wancan ya karɓa. A ganina nan ne darasin yake, domin yaro sai ya saurari ɗan'uwansa kafin ya buga.

Rawa ta zo daga baya, a da'ira, da hantsi kafin rana ta yi zafi. A taƙaita, kada su gaji.