Allurar Geji Ba Ta Kai Ja Ba, To Me Ya Fasa Tukunyar?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu aiki da tukunyar tururi, wadda ake kira boila, musamman a injinan turara shinkafa. Wai muddin allurar geji ba ta taɓa jan layi ba, tukunya ba za ta fashe ba. Har wani afareta zai nuna maka agogon da yatsa yana murmushi, ya ce, "Injiniya, ka gani ai, ko rabi ba mu kai ba." Na gaji da jin wannan zance, domin shi ne ke kai mutane kabari.

Geji ƙarfin tururi kawai yake aunawa, bai san halin da ƙarfen tukunyar yake ciki ba. Tukunya na iya tarwatsewa a kan matsin da ta saba ɗauka kullum, idan jikinta ya yi rauni. Abin da ya fi saurin raunana shi kuwa shi ne ƙarancin ruwa.

Farantin ƙarfen da ke saman ɗakin wuta, harshen wuta na lasarsa daga ƙasa, ruwa na kwance a bisansa yana kwashe zafin. Da zarar ruwan ya janye ya bar shi tsirara, cikin 'yan mintoci zai yi jawur, ya yi laushi, ya lotsa, sandunan da ke riƙe da shi su suɓuce. Daga nan sai ya yage. Mutane na zaton tururin da ke sama ne ke yin ɓarnar, alhali babban bala'in yana cikin ruwan. Tukunyar da ke aiki a kan matsin "bar" 10, zafin ruwanta ya haura digiri 180, matsi ne kaɗai ya hana shi tafasa. Tana yagewa matsin ya tafi, wani kaso na ruwan ya rikiɗe tururi nan take, shi kuwa tururi yana neman wuri da ya ninka na ruwa kusan sau 1,600. Shi ya sa ake tsintar murfin tukunya a bayan katangar maƙwabta.

A garin Bitterfeld na Jamus ta Gabas, ranar 27 ga Nuwamba 1977, kan jirgin ƙasa mai tururi ya fashe a cikin tasha saboda ruwansa ya ƙare, mutum 9 suka mutu. A 2001, a wani bajekolin manoma a Medina ta jihar Ohayo a Amurka, tsohuwar taraktar tururi ta fashe ta kashe mutum 5. Masu bincike sun tarar tsatsa ta cinye farantin saman wutar har ya zama siriri. 

Saboda haka idonka ya fi zama a kan gilashin ruwa, wanda ke nuna tsayin ruwan da ke cikin tukunya. Shi ma kada ka ba shi amana ɗari bisa ɗari. Ƙananan hanyoyin da ke kai ruwa cikinsa suna toshewa da datti, sai ka ga ruwa tsaye cak a tsakiyar gilashi alhali tukunya ta kusa ƙafewa. Ruwan tukunya mai aiki yana ɗan rawa, yana hawa yana sauka. In ka ga ya daskare wuri ɗaya, tuhume shi. Duk wanda ya karɓi aiki, ya fara da buɗe famfon ƙasan gilashin, ya zubar, ya rufe, ya ga ruwan ya dawo da hanzari. In ya dawo yana jan jiki, hanya ta fara toshewa. Irin wannan toshewar na cikin abin da aka gano bayan ɗakin wutar wani jirgin ƙasa na 'yan yawon buɗe ido ya rufta a kusa da Gettysburg ta Amurka a 1995.

To, idan ka duba ka ga babu ruwa a gilashi sam, kuma ba ka san tun yaushe ya ɓace ba fa? Nan ne hannu ke saurin zuwa ga famfon zuba ruwa. Kada ka kuskura. Zuba ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya yi ja na iya tsaga shi. Tsayar da ƙaiƙayi ko man da ke shiga, kashe fankar hura wuta, kashe wutar, ka kori kowa daga wurin, kai ma ka fita. Kada ka ɗaga bawul ɗin tsaro da hannu wai don rage matsi, girgiza ruwan za ka yi. Bar ta ta huce da kanta, kuma kada a sake kunna ta sai masani ya leƙa ciki. Na san mai gida zai yi faɗa a kan shinkafar da ke cikin tanki. Ya yi ta yi, na sake faɗa: ba a zuba wa busasshiyar tukunya ruwa.

Sauran musabbaban sanannu ne. Ruwan burtsatse mai gishiri yana barin ɓawo a jikin bututu kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo, ya shiga tsakanin ƙarfe da ruwa, ƙarfen ya ƙone ko da ruwa cike yake. Maganinsa tace ruwa da zubar da na ƙasa a kai a kai. Sai masu ɗaure bawul ɗin tsaro da waya ko rataya masa ƙarfe don wai yana ɓarnar tururi. Sai masu cire toshen kuza, wanda aka yi shi don ya narke ya yi gargaɗi, su ɗaura ƙusa a gurbinsa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne faci. Tukunya ta fara tsiyaya, sai a kira mai waldar ƙofa da taga ya liƙe, da yamma a hura wuta. Jirgin ruwan Sultana da ya fashe a kogin Misisipi a watan Afrilu 1865, ya hallaka fiye da mutum 1,000, an yi wa tukunyarsa facin gaggawa ne a Vicksburg don kada a rasa lodin sojoji. Tsiyaya alama ce ta ciwon da ke ciki. Bayan kowane babban gyara, gwajin ruwan sanyi ake yi, a matse shi da famfo har ya zarce matsin aiki. Ba a gwaji da iska ko tururi.

Dokar masana'antu ta Najeriya ta wajabta jami'i mai izini ya binciki kowace tukunyar tururi aƙalla sau ɗaya cikin wata 14. Masu injin da yawa ba su taɓa ganin fuskar jami'in ba, hukuma ma ba ta cika neman su ba. Ana sayo tukunya ta gwanjo ba takarda, ba tarihi, a damƙa wa yaro mai ɗebo ƙaiƙayi. Alhaji mai injin, in ba ka da takardar binciken bana, ka sa a kashe wutar nan yau, ka nemo mai dubawa.