Amsoshin Tambayoyinku: Ina Kuɗin Direbobi Ke Tafiya?

Malam direba daga Shagari, ka tambaya ina kuɗin da kuke biya suke shiga, alhali ramuka na cinye muku tayoyi.

To, ka sani kuɗin tasha galibinsa na ƙungiyar direbobi ne, na lambar mota kuwa baitulmalin jiha yake faɗawa. Amma babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta nufi Tambuwal da Jega, alhakin gyaranta yana wuyan gwamnatin tarayya, wadda ta soke shingayen karɓar kuɗin hanya a 2004, zamanin Obasanjo. A ra'ayinmu, abin da ya wajaba ku tuhumi jiha a kansa shi ne hanyoyin ƙauyuka, inda motar kaya ke kafewa cikin taɓo da damina.