Kafin Ka Aika Littafinka ga Mawallafa

Aikina tace rubutu ne, kuma yawancin abin da ke zuwa teburina a Samaru na ɗalibai ne da malaman makaranta, wasu daga Shika, wasu daga Sabon Gari. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne marubuci ya shafe shekaru yana rubutu, ranar aikawa kuma ya yi ta da garaje. Sai a turo labari shafi ɗari uku ta WhatsApp, ba wasiƙa, ba taƙaitawa, harafin "ƙ" nan da lanƙwasa can babu, a ce, "Malam, a duba mini kafin Juma'a."

Zariya kuwa ta daɗe da sanin wannan sana'a. Gasar Hukumar Talifi ta 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, kuma sai da suka bi ta hannun edita, Rupert East, kafin a buga su. Ta hanyar gasa ne kuma kamfanin wallafa na NNPC, da aka kafa a nan garin a 1966, ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Duk sai da wani ya karanta ya tace.

Don haka ka fara sanin wanda kake aika wa. Mai maɗaba'a kai ke biyansa, ya buga, ya miƙo maka kwalaye, sayarwa kuma taka ce. Kamfanin wallafa shi ke zuba kuɗinsa, ya tace, ya rarraba, ya ba ka kasonka daga ciniki. Biyan kuɗin bugu ba aibi ba ne, da haka adabin kasuwar Kano ya tashi. Amma wanda ya karɓi kuɗinka kuma ya riƙe haƙƙin mallakar littafin ya cuce ka.

Idan kamfani za ka nufa, duba irin littattafan da yake fitarwa, ka bi ƙa'idarsa. Galibi wasiƙa gajera ake so, da taƙaitawa mai bayyana har ƙarshen labarin, da babobin farko. Littafin ilimi kuwa, kamar wanda za a kai Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello, a faɗi su wa za su karanta shi, da abin da ya ƙara kan na gabansa. Masu rubutun Turanci da ke hangen Ingila ko Amurka su sani wakilin marubuta na gaskiya ba ya karɓar kuɗin karatu. Kasonsa, yawanci 15 cikin 100, sai littafi ya samu shiga.

Yarjejeniya kuma, don Allah a karanta ta a tsanake. Wa ke da ikon fassara? Wa ke da ikon mai da labarin fim, ko karanta shi a YouTube? Shekara nawa kamfanin zai riƙe shi? Duk abin da ba a rubuta ba, ka nemi a rubuta kafin ka sa hannu.