Darasin Lantarki: Idan Wuta Ta Yi Ƙasa a Masana'anta

Ɗalibanmu da yawa za su nemi aiki a masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, inda ake jimar fata, ake narka roba, ake matse mai. Duk waɗannan injuna moto ne ke juya su, kuma babban abokin gaban moto shi ne raunin wuta.

Moton masana'anta yana cin wuta ta layi uku, kimanin bolt 415 tsakanin kowane layi biyu. Idan wutar ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin juyinsa yakan ragu da kashi 19. Nauyin aikin kuwa yana nan yadda yake. Don haka sai moton ya riƙa jan ampiya fiye da kima, ya ɗauki zafi. Ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ran rufin wayarsa gida biyu. Daga nan sai ƙonewa, aiki ya tsaya, ma'aikata su koma gida.

Injunan zamani suna da na'urar sarrafa gudun moto, wadda ake kira inbata. Ita takan tsayar da moto da kanta, ta nuna a fuskarta cewa wuta ta yi ƙasa. Mai gaggawa sai ya ce moto ya lalace, ko ya ɗora laifi a kan mai ba da wuta, kamar yadda aka saba tun zamanin NEPA har zuwa KEDCO da ta karɓi aiki a 2013. Mai ilimi kuwa mita yake ɗauka, ya bi sawun wutar daki-daki.

Na farko, a auna wuta a bakin taransifoma ko janareta. Idan tun daga can ta zo da rauni, to ciwon ba na moto ba ne.

Na biyu, a sake aunawa a bakin inbata, kuma lallai injin yana cikin aiki. Waya mai tsawo, ko siririya, ko kusar da ta saki, duk sukan nuna lafiya lau idan injin na tsaye. Sai an ɗora masa nauyi asirinsu yake tonuwa.

Na uku, a gwada layukan uku da juna. Fiyus ɗaya da ya tsinke ko kontakta da ta ci wuta takan bar moto a kan layi biyu, yana gurnani yana zafi.

Na huɗu, a lura da lokaci. Idan inbata tana tsayawa ne kawai sa'ad da aka tayar da wani babban injin kusa, to shi ne ke janye wutar.

Gargaɗi: inbata tana riƙe da wuta sama da bolt 500 a cikinta, ko bayan an kashe ta. A jira mintunan da aka rubuta a jikinta, a auna, sannan a taɓa. Kada ɗalibi ya buɗe akwatin wuta sai tare da malami.

Aikin gida: an auna bolt 410 a taransifoma, amma 365 a bakin inbata injin na aiki. A ina za ka fara neman ciwon?