Idan Sabon Fayil Ya Danne Tsoho

Goge fayil daban, danne shi daban. In an goge, sunansa kaɗai kwamfuta kan cire daga jeri, bayanan sukan saura a faifai. Amma sabon fayil mai suna iri ɗaya yana iya hawa gurbin tsohon.

Alal misali, manazarci na tara alƙaluman ruwan madatsar Tiga ta Bebeji, wadda aka kammala a 1974, sai na wata guda suka danne na shekaru. Wajibi ne ya daina adana komai nan take, ya buɗe tarihin fayil ɗin a rumbun ajiya, ya maido da kwafin baya da sabon suna. Inda rumbun ba ya riƙe tarihi, kwafin da aka keɓe a wani wuri shi ne madogara.